Cinikin Motar Kawu a Ayigya Zango

Gadon mota ne ya kai ni Kumasi. Kawuna, wan mahaifiyata, wanda kuma surukina ne domin 'yarsa ta fari nake aure, ya rasu a Ayigya Zango gab da azumin 2024, bayan ya shafe fiye da shekara sittin a Gana. Gidansa da 'yan shagunansa ba su wahalar da kowa ba, malamai suka ƙiyasta suka raba. Abin da ya tsaya wa magada a wuya shi ne wata tsohuwar mota ƙirar Amurka, Chevrolet Impala ta 1964, wadda ya soma gyarawa da tsufansa, ajali ya riske shi aiki yana rabi. Mota ba ta yankuwa a ba kowa nasa, kuma an kasa haɗa baki a kan kuɗinta. Da Hajiya ta fita takaba bayan Babbar Sallah, aka yiwo waya Kano a kan a turo wakili. Maiɗakina ba ta ce komai ba, jaka kawai ta sauko mini da ita.

Kakanninmu fataken Gonja da jakuna suke wannan tafiya, su bi ta Yawuri da Busa da Nikki da Zugu, su yi watanni kafin su ga Salaga, inda goron Asante yake jiransu. Kawu shi a bayan babbar mota ya tafi, ta Maraɗi da Yamai da Wagadugu, ya shiga Gana ta Paga. Wannan hanyar ce ta fi dacewa da ɗan Kano, amma duk direban da na tambaya sai ya girgiza kai, saboda matsalar tsaro tsakanin Yamai da Fada Ngurma. Dole na bi ta bakin teku.

Na hau doguwar bas a Sabon Gari da yamma, naira dubu talatin da 'yan kai. Zariya, Kaduna, Abuja, duk cikin dare. Gari ya waye mana a wajen Lokoja, daga nan Okene, sai Ibadan, sai cunkoson shiga Legas wanda ya cinye mana la'asar da magariba. A Agege na kwana, wurin wani abokina ɗan goro. Muna cin tuwon dare yake tuna mini cewa tun da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 goro ya sauya hanya, ya koma bin teku zuwa Legas, daga baya kuma na Shagamu ya danne kasuwa. Ya ce in na je in ɗanɗano masa na Kumasi, in gaya masa gaskiya ko har yanzu ya fi.

Daga Mile 2 zuwa Seme ba nisa, tsaye-tsaye ne suke tsawaita hanyar. Na nuna fasfo da katin rigakafin shawara, aka buga hatimi, na tsallaka. Abin da ya fara ɗaukar mini ido a Binin shi ne fetur a cikin manyan kwalabe jere a bakin titi, wanda kowa ya san daga inda ya fito. A Kwatano 'yan acaɓa duk riga rawaya suke sawa, ga su nan kamar a zuba allura ta rasa wurin faɗuwa. Na karya da dogon burodin nan nasu mai tauri da shayi a teburin wani mutumin Tawa, ya karɓi sefa 500, ya ƙara mini madara da ya ji Kano zan koma. Muka bi ta Wida da Grand-Popo, teku na hagu, itatuwan kwakwa na dama, muka shiga Togo ta Aneho. A nan agogo yake komawa baya da awa ɗaya. Gaɓar Togo duka ba ta wuce kilomita hamsin da wani abu ba, kafin ka gyara zama ka iso Lome, kuma Lome ƙarshen titinta shi ne iyakar Gana. Ka sauka daga tasi, ka taka ƙafa, ka ga kanka a Aflao.

A Aflao ne jikina ya yi sanyi. A watan Yulin nan sidi ɗaya kusan naira ɗari yake. Na zaro dami guda na miƙa wa mai canji, ya ba ni 'yan takardun da suka shige aljihun gaba ba su ko tayar da shi ba. Mutumin, wani dattijo Bazabarme, ya ga fuskata ya yi dariya, ya ce, "Malam, a 1983 ina nan wurin nan lokacin da kuka koro mutanen Gana da jakunkuna. Ran nan naira ce sarauniya. Zauna ka sha ruwa." Fetur a can ya kusa sidi 15 lita, wajen ninki biyu na abin da muke kuka da shi a Kano a lokacin. Na riƙe wannan lissafin a zuci, domin motar da zan je sayarwa silinda takwas aka yi ta da shi.

Muka ƙetare Kogin Volta a Sogakope, muka bi ta Tema, muka hau babban titin kankaren da Nkrumah ya buɗe a 1965 har Akara. A Nima na sauka. Wanda bai taɓa zuwa ba zai yi mamakin yadda zai yini a unguwa guda a Akara bai buƙaci wani harshe ba sai Hausa. Na yi sallah a Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, sannan na roƙi mai masaukina ya kai ni hubbaren Nkrumah, domin an ce mini motarsa tana can. Tana nan kuwa, Cadillac, a killace, mutane suna ɗaukar hoto. Na tsaya ina kallon faɗinta ina tuna Marsandin Murtala da ke gidan tarihi na Onikan a Legas. Motar shugaba tana da gwamnati a bayanta. Ta Kawu ba ta da kowa sai mu.

Akara zuwa Kumasi wajen kilomita 250 ne. Na hau jar bas ta VIP a Circle, kujera mai faɗi, sanyi har sai da na nemi hula. A Nsawam mata suka kewaye mu da burodi, daga Suhum daji ya fara kauri, gonakin koko a ƙarƙashin dogayen itatuwa, a Nkawkaw duwatsun Kwahu suka tsaya a kanmu cikin hazo. Ɗan Kano da ya saba ganin nesa, a nan idonsa ba ya wuce bakin kwalta. Ko'ina allunan siyasa ne, giwa nan, lema can, Bawumia da Mahama suna kallon juna, zaɓe saura 'yan watanni. Muka wuce Konongo da Ejisu, garin Yaa Asantewaa da ta yaƙi Ingilishi a 1900, aka sauke ni a Tech Junction.

Titi ɗaya ne ya raba duniya biyu a wurin. Hagu jami'ar KNUST ce, wadda ta fara a matsayin kwaleji a 1952, da ciyawa kore da gine-gine a tsare. Dama Ayigya ce. Taubashina, babban ɗan Kawu, ya tarye ni da keke mai ƙafa uku, wanda su suke kira Pragya. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Ɗan mace, an zo kwasar gado ke nan?" Na ce, "Ɗan namiji, na zo in ga abin da kuka kasa." Muka rungume juna, sannan muka tuna da wanda ya haɗa mu, kowa ya yi shiru.

Zangon a kan tudu yake, jar ƙasa, ruwan sama ya zaizaye lunguna har harsashin wasu gidaje ya fito fili. Gidajen irin na haya ne, ɗakuna kewaye da tsakar gida ɗaya, rufin kwano ya yi tsatsa. A gidan Kawu kaɗai akwai Bamoshe da Badagombe da Kotokoli da wani ɗalibin jami'a Ba'asante, kuma in ban da ɗalibin, duk da Hausa suke faɗa suke shiryawa. Hausar tasu tana da nata ɗanɗano, da Twi da Turanci a cikinta, kunne yakan ɗan jima kafin ya zauna. Kuɗin haya kuwa ɗaliban jami'a sun ɗaga shi, masu fili suna ta rushe tsoffin gidaje suna gina benen kwanan ɗalibai.

Na durƙusa na yi wa Hajiya ta'aziyya. Kowa a gidan Mma yake ce mata, ni ma na bi sahu. Ta ce, "Ɗana, ka sha hanya. Yaya ka baro 'yata da jikokina?" Aka kawo lamurje mai sanyi, citta har ƙoƙon kai. Da dare tuwon zafi da miyar ayoyo. Da safe koko da ƙosai, kokon ya sha kayan yaji fiye da namu, a lokacin sidi biyar ya ishe mutum. Amma sarkin abincinsu shi ne waakye: shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi har suka yi ja, a zuba taliya da garin rogo da ƙwai da ganda da baƙin yajin nan shito, a naɗe a ganye. A lokacin na sidi ashirin yakan kai mutum har la'asar. Da na juya shi zuwa naira na ga dubu biyu ne, sai na daina juyawa don in ci abincina cikin kwanciyar rai. Kuma duk zamana ba a bar ni na biya ba. Maƙwabta suka yi ta aiko da kwano, wannan tuwon shinkafa, wancan fura, a ce a kai wa baƙon Alhaji na Kano. A gida ma muna karɓar baƙo, amma yawanci gidan da ya sauka ne yake ɗaukar nauyinsa. A nan lungu guda ne ya ɗauka.

Sai da rana ta ɗaga aka buɗe mini rumfar kwanon da ke gefen gida. Na ga hotonta a waya, amma hoto bai faɗi tsawonta ba, ta haura mita biyar. Ƙofa huɗu, sitiyari a hagu, fitilun baya zagayayyu uku-uku a kowane gefe. Daga hanci zuwa ƙofar gaba ta sha sabon fenti kore mai ƙyalli. Daga nan zuwa baya toka-toka ce, fentin share fage. An cire bamba gaba da baya, an fitar da kujeru, ƙasan wajen direba an yi masa facin sabon ƙarfe, na bayan kuma kana hango ƙasa ta cikinsa. But ɗinta, saboda girmansa, ƙungiyar matan unguwa ta mai da shi ma'ajiyar kujerun roba na suna da biki.

Tarihinta a majalisar ƙofar masallaci na ji shi, bayan la'asar, rediyo na gefe yana kama Zuria FM. Wani attajirin katako Ba'asante ne ya fara shigo da ita. A lokacin Gana hannun hagu ake tuƙi, irin na Ingila, don haka mota mai sitiyari a hagu wahala ce wurin wuce wata. Nijeriya ta koma hannun dama a 1972, Gana ta biyo baya a watan Agustan 1974, sai motar ta dace da hanya. Bayan haka kaɗan Kawu ya saye ta da ribar goro. Dattawan suka ce babu amaryar da aka kai a zangon nan a 'yan shekarun da ba a cikinta aka kai ta ba, kuma ko kuɗin mai bai taɓa karɓa ba. A 1983, shekarar fari da gobarar daji da yunwa, fetur ya yi wuya, kayan gyara suka ɓace, ya tura ta rumfa ya rufe.

Wani tsoho da ya fi kowa shekaru ya matso ya kama hannuna. Ya ce, "Yaro, kada ku yi gaggawa." Ya ba ni labarin 1957, da gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba na Zangon Kumasi zuwa Nijeriya, da kuma Nuwamban 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Ya ce da idonsa ya ga an sayar da mota da kuɗin rago, an sayar da gida da kuɗin mota, don kawai mai saye ya san mai sayarwa ba shi da gobe. "Ku kuna da gobe," in ji shi.

Matsalar magada a rubuce take. Kawu ya bar wani littafin makaranta da ya cika da ajami da lambobi, duk sidin da ya zuba a motar tun da ya fara gyara: fenti, walda, tayoyi, batir, inji, ladan masu aiki. Taubashina ya kafe a kan cewa ba za a sayar ƙasa da jimlar littafin ba, domin gumin mahaifinsu ne. Ƙaninsa da ke zaune a Bronx ta Amurka, wanda shi ya riƙa turo yawancin kuɗin, kullum sai ya aiko da hotunan Impala daga intanet masu farashin dubban daloli, yana cewa kada a cuce su. 'Yan matan su dai a gama.

Masu taya suka fara zuwa. Na farko 'yan gwangwan ne, waɗanda a can ake kira 'yan kondem. Ba su ko leƙa ciki ba, suka ƙwanƙwasa jiki suka ce tsohon ƙarfe ne mai kauri, sidi dubu shida. Taubashina ya nuna musu hanya. Ta biyu wata mata ce mai ƙawata wuraren biki, tana so a gama fentin a ajiye ta a ƙofar zauren taro don ango da amarya su yi hoto, ko ba ta motsi. Ta taya dubu arba'in. Aka ce albarka.

Na uku dillali ne ya kawo shi. Irin mutanen nan ne da suka daɗe a waje suka dawo hutu, waɗanda Kumasi take kira boga. Ba'asante ne mai garejin gyaran tsoffin motoci a Amurka. Ya zo da gajeren wando da tocila da ɗan mayen ƙarfe a aljihu. Ya gaida Mma da ladabi, ya kwanta a ƙasa ya shige ƙarƙashin mota, ya daɗe yana ƙwanƙwasa shasi. Ya fito ya buɗe ƙofar direba ya goge wani ɗan faranti mai lamba a jikin ginshiƙi, ya ɗauki hotonsa. Sannan ya bi sabon fentin nan da mayen ƙarfe. Wani wuri ya kama, wani wuri ya zame ya faɗi, alamar fila ce aka cusa a ƙarƙashi, ba ƙarfe ba. Da ya ɗaga bonet ya ga injin dizal na Nissan, irin wanda ake sa wa bas ɗin haya, sai ya sauke a hankali ya share hannunsa.

Da Twi ya yi bayani, taubashina yana mayar mini. Ya ce Impalar 1964 tana da masoya sosai, musamman a Los Angeles, amma mai ƙofa biyu suke bi da mai buɗaɗɗen sama, mai ƙofa huɗu ba ta kai rabin darajarsu ba. Ya ce fentin nan sai ya kankare shi duka ya ga abin da ke ƙasa, don haka kuɗi zai ci masa. Injin kuma dole ya fita. Wato duk shafin da taubashina yake tarawa a littafi, shi ɗebewa yake yi. Ya taya dubu sittin, ya ce da injinta na asali yana nan da magana ta canza.

Na kwana ina juya abin. Ban ga laifin Kawu ba. Mutumin da ya ga fetur ya kwantar masa da mota a 1983, ya kuma ga lita ta doshi sidi 15, in ya sa mata inji mai tsimin mai ai hankali ya yi. So yake ta tashi ta sake kai amarya. Shi kuwa boga ba tafiya yake saye ba, asali yake saye, domin wanda zai sayar wa yana da wata motar zuwa aiki. Kuskuren magada ɗaya ne: sun ɗauka abin da aka kashe shi ne farashi. Mai sayen aikin da ba a gama ba sauran aikin yake lissafawa, har da na warware wanda aka riga aka yi ba yadda yake so ba. Haka yake a gini, duk wanda ya taɓa sayen kango a Kano ya sani.

Mma ce ta ce a je Magazine a tambayi Masta, wanda ya cire tsohon injin. Muka hau trotro, wato bas ɗin haya, daga Tech Junction zuwa kasuwar Kejetia, muka sauya wata zuwa Suame, duka 'yan sidi kaɗan. Na san Ƙofar Ruwa, na san Panteka ta Kaduna, na taɓa shiga Ladipo a Legas, amma Suame Magazine gari ce sukutum. Tun wajen shekarun 1930 masu gyara suka fara taruwa, yau ana ƙiyasta masu cin abinci a wurin sun kai dubu 200. Ƙarar guduma ba ta tsayawa, ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai, ga masu narka ƙarfe, ga masu ƙera bodin manyan motoci, ga layin da ba a sayar da komai sai giyabos. Tun 1980 jami'ar KNUST ta kafa cibiyar koyar da sana'a a cikinsu, kuma a 2013 masu aikin wurin suka haɗa kai da wasu 'yan Holan suka ƙera mota sukutum mai suna Turtle daga tarkacen wasu motoci. Ƙa'idar Magazine ita ce mota ta tashi. In kayan Toyota ne zai shiga Fijo, a sa shi, in bai shiga ba a gyara masa baki har ya shiga. Da wannan dabarar ƙasar take tafiya, kuma ita ce dabarar da take kashe wa tsohuwar mota daraja a idon mai neman asali.

Masta tsoho ne, Ba'asante, Kirista, yana jin Hausa gwargwado. Ya ba mu benci, ya sa aka kawo ruwa, sai da muka sha sannan ya tambayi abin da ke tafe da mu, ko da yake ya sani, haka al'adarsu take. Da ya ji, ya tashi ya kai mu bayan rumfa, ya kori yaransa biyu da ke zaune suna cin abinci a kan wani abu da aka lulluɓe da tamfol. Ya yaye. Ga injin nan, silinda takwas, da kafiretonsa da giyabos ɗinsa, an toshe kowace kafa da tsumma, an shafe shi da baƙin mai. Ya ce 'yan kondem sun yi ta zarya a kansa. "Alhaji ya ce in ajiye. Bai ce in sayar ba." Ya sa sifana a gaba ya juya, injin ya juyu. Kuɗin ajiya ya ƙi karɓa. Ya ce dai akwai ragowar ladan aiki da yake bin Alhaji, ya faɗi adadi. Taubashina ya buɗe littafi, adadin nan ne a shafin ƙarshe, ba ƙari ba ragi. Kafin mu tafi Masta ya aiki yaro can wurin wata Hajiya ya sayo mana waakye, ya ce ya san ba ma cin naman ko'ina.

Aka ɗora inji a babur ɗin kaya aka kawo gida, aka kira boga. Ya duba lambobin jikinsa ya gwada da hoton da ke wayarsa, bai ce komai ba, amma ya nemi kujera ya zauna. Ya ce dubu tamanin da biyar. Sai Mma, wadda ta yi shekara talatin tana sayar da atamfa a Kejetia, ta ce wa jikarta ta jawo akwatunan ƙarƙashin gado. Ko 'ya'yanta ba su san da su ba. A ciki, naɗe da tsofaffin zannuwa, ga adon ƙarfe mai ƙyalli na gefen mota, ga tambarin barewa, ga marufan wili huɗu, ga rediyonta na asali, ga gilasan fitilu, ga takardun mota tun na mai katako. Ba ta fito da su gaba ɗaya ba. Ta ɗauko ɗaya ta ajiye, ta jira ya ƙara, ta ɗauko wani. Taubashina ya buɗe baki zai sa magana, ta ce, "Kai, yi shiru, ba da kai ake ba."

Can na ji boga ya ce biliyan ɗaya, Mma ta ce albarka. Na dubi taubashina ido waje. Ya raɗa mini cewa tun 2007 aka cire sifiri huɗu daga sidi, amma manya har yau da tsohon lissafi suke ciniki, sidi ɗari shi ne miliyan, dubu ɗari kuma biliyan. Aka yi ta ja har aka kira azahar, aka dawo aka ɗora. A biliyan ɗaya da miliyan ɗari biyu Mma ta dubi 'ya'yanta, ta dube ni, ta ce, "Ɗana, kai ne bakin 'yata. Me ka ce?" Na ce, "Mma, abin da kika gani." Ta ce ta sallama. Sidi dubu 120 ke nan, ƙasa da jimlar littafin Kawu, ninki biyu na tayin boga na farko. Aka kira na Bronx a waya, ya yi ƙorafi, ya amince. Liman da dattawa biyu suka shaida, kuɗi ya shiga ta banki, aka je ofishin lasin aka sauya suna.

Injin Nissan da boga ya raina shi ya fi komai saurin tafiya. Yaran Masta suna sauke shi wani mai trotro yana tsaye, ya biya dubu 15 ko tayi bai yi ba.

Fitar da motar ita ce ta zama aiki. Tun 1983 lungun ya tsuke, an gina ɗaki nan, an dasa shagon kwantena can, kwata ta ci rabin hanya. Motar ja ta kasa shigowa. Aka roƙi mai shagon, samari suka taru suka ɗaga kwantenarsa suka matsar, aka shimfiɗa katako a kan kwata, aka fitar da kujerun mata daga but, aka turo ta da hannu taubashina yana riƙe da sitiyari a kan kujerar roba. Tsofaffin mata suka fito bakin ƙofa, wannan ta ce a cikinta aka kai ni, waccan ta ce ni ma, wata ta rangaɗa guɗa, aka yi ta dariya. A bakin titi aka ɗora ta sai Tema, inda kwantena take jira.

Rabo bai ɗauki lokaci ba. Aka haɗa kuɗin mota da na injin Nissan, aka fara biyan bashin Masta, aka ba dillali la'adarsa, aka gyara wa mai shago dakalinsa, dubu bakwai suka tafi, saura dubu 128. Mma ta ɗauki tumuninta, dubu 16. Ragowar aka kasa bakwai, maza biyu kashi bibbiyu, mata uku kashi ɗai-ɗai, maiɗakina ta tashi da dubu 16 ita ma. Na bi shawarar taubashina na tura ta hannun wani ɗan canji na unguwar Aboabo, aka biya a Kano da naira tun ban bar Kumasi ba, don kada in ratsa iyaka uku da kuɗin mutane a jiki.

Ranar tafiya Mma ta cika mini jaka da kwalaben shito da sabulun salo da turmin atamfa na 'yarta, ta ƙi yarda in bar mata ko na cefane. Na koma ta hanyar da na zo. Muna wajen Ibadan saƙon taubashina ya shigo: kwantena ta tashi, kuma ƙaninsa na Bronx ya sake turo hotunan Impala guda uku da farashinsu, yana tambaya ko mun gani. Na buɗe na duba. Dukkansu masu ƙofa biyu ne.